Daga Gandu Zuwa Gidan Haya: Tarihin Gidan Farko da Hakkin Iyaye a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Idan tsofaffin ƙasar Hausa suna ba da labarin ƙuruciyarsu, da wuya a ji ɗayansu ya ce ya yi auren fari. Abin da yakan ce shi ne an yi masa aure, an gina masa ɗaki, daga baya aka yanka masa sashe, aka ware masa tukunya. A yau kuwa abin da aka fi ji a bakin matasa shi ne wane ya kama haya, ya sayi fili, ya gina gida, ya tare. Wannan ɗan bambanci na lafazi tsakanin "an yi masa" da "ya yi" yana ɗauke da tarihin shekara fiye da 100.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda Bahaushe yake samun muhallinsa na farko, da yadda yake saka wa iyayen da suka tsaya masa, tun daga ƙarni na 19 zuwa yau. Za a nuna cewa a da sakayyar iyaye a ɗinke take cikin tsarin noma da zaman gida, har ɗa ba shi da hanyar kauce mata. Da kuɗi da albashi da zaman birni suka kwance wannan ɗinki, sai sakayyar ta koma kyauta, wadda ta rataya a kan hali da iyawar kowane ɗa.

Gidan Farko a Zamanin Gandu

Kalmar gandu tana da ma'ana fiye da ɗaya. Akwai gandun sarki, watau babbar gonar sarauta, akwai kuma gandun daji. Ma'anar da ta shafi wannan bayani ita ce zaman da uba yake yi da 'ya'yansa maza masu aure, suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. M. G. Smith ya nazarci wannan tsari a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, Polly Hill kuma ta nazarce shi a Batagarawa, kudu da birnin Katsina, a 1967. Bayanansu sun nuna cewa gandu yarjejeniya ce mai hakki ta kowane ɓangare.

A wuyan uba akwai ciyarwa, da iri, da kayan aiki irin su garma da fartanya, da biyan haraji, da ɗaukar nauyin auren ɗa na fari, da ba shi wurin da zai ajiye matarsa. Yakan kuma yanka masa gayauna, wata 'yar gona wadda amfaninta nasa ne shi kaɗai. A wuyan ɗa kuwa akwai aikin gonar gandu da damina, galibi daga safe zuwa azahar, a ranakun da al'adar garin ta tsayar. Sai bayan an tashi daga gandu yake juyawa ga gayaunarsa.

Saboda haka gidan farko na Bahaushen wancan zamani ɗaki ne a cikin gidan ubansa. Tun da ya fara tasawa ya bar ɗakin uwarsa, ya koma kwana a zaure ko a ɗakin samari da ke ƙofar gida. Ranar da aka tsayar da maganar aurensa, sai a nemi wani gefe na cikin gida a gina ɗaki. Da rani ake wannan aiki. A kwaɓa ƙasa, a yi tubali, a ja gini, sa'an nan a rufe da azara in soro ne, ko a ɗora jinka in na ciyawa ne. 'Yan'uwa da abokai su ne ma'aikata, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mata su ke da daɓe: su zuba tsakuwa, su yayyafa ruwan makuba, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa har ƙasa ta yi santsi. Idan aka kewaye ɗakin da zana ko 'yar katanga, ya zama sashe ke nan.

Akwai dalilan da suka sa ɗa bai cika yin nisa ba. Na farko, ƙasa a hannun magidanta take, kuma ta hanyar mai unguwa ko dagaci ake samun sabon fili. Na biyu, haraji a kan maigida yake, kamar kuɗin ƙasa a Kano da kuɗin galma a Zazzau. Na uku, zaman kaɗaici a bayan ganuwa kasada ce a ƙarni na 19, lokacin da hare-haren Ningawa suka addabi kudancin Kano da gabashin Zazzau. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, cike yake da misalan mutanen da mahara suka kama a gona ko a hanya, dangi suka yi ta fafutukar fansarsu. A irin wannan zamani yawan maza a gida ɗaya shi ne tsaro.

Tarewa da Kayan Ɗaki

Asalin amfani da kalmar tarewa ga amarya yake. Ita ce take tarewa, domin ita ce take barin gidansu ta koma wani. Namiji yana nan inda aka haife shi. Faɗaɗa kalmar har a ce magidanci ya tare a sabon gidansa ya yawaita ne bayan da maza su ma suka fara ƙaura daga gidajen iyayensu.

Idan dangin ango ne suka yi gini, dangin amarya su ne suke cika shi. Gado da tabarmi da tukwane da ƙore da tasoshi duk daga gidansu suke fitowa, kuma 'yan'uwanta mata su ke zuwa su yi jere. Bayan tarewa sai gara ta biyo baya: hatsi, da man shanu, da daddawa, da gishiri, da alkaki, da nakiya, gwargwadon ƙarfin iyaye. Hikimar gara ita ce kada sabon ɗaki ya fara da yunwa, kada kuma amarya ta fara zama da roƙo.

Nauyin kayan ɗaki ya fi faɗawa a kan uwa. Shekara da shekaru take tarawa, daga sana'arta ta cikin gida, da adashi, da bikin da take yi wa ƙawayenta domin su rama mata ranar nata. Binciken Enid Schildkrout a cikin birnin Kano, wanda ta fara a 1976, ya nuna cewa ribar tallar da yarinya take yi wa uwarta kan tafi ne wajen tara mata kayan ɗaki. Barbara Cooper ta sami irin wannan muhimmanci na kayan ɗaki a Maraɗi, a littafinta na 1997. Kayan sun sauya da zamani, daga ƙwarya zuwa tasa, daga tasa zuwa kwanon sha da langa, daga nan zuwa kabad da kujeru, amma mai ɗaukar nauyin ba ta sauya ba.

Godiyar da Ba a Furtawa

Bahaushe yana da kalmomin godiya da yawa, kuma yana cewa yaba kyauta tukwici. Duk da haka tsakanin ɗa da mahaifi ba a dogara da baki ba. Kunya ta hana. Ɗan fari musamman, iyayensa ba su kiran sunansa, ba su sakin jiki da shi a gaban mutane, shi ma ba ya zama ya yi doguwar hira da su. Saurayin da aka yi wa aure ba zai tsaya gaban ubansa ya jera kalmomin yabo ba. Abin da zai yi shi ne ya durƙusa ya gaishe shi da asuba, ya riga kowa isa gona.

Ke nan a zamanin gandu godiya aiki ce. Ƙarfin ɗa shi ne abin da yake biya da shi, damina bayan damina, har ƙarfin uba ya ƙare. A nan sai al'amari ya juya: dattijo ya koma zaure yana saƙar tabarma ko tufkar igiya, babban ɗa ya karɓi ragamar gona, abinci kuma ya ci gaba da fitowa daga rumbun nan guda. Idan uba ya rasu aka raba gado, uwa takan zauna a hannun ɗaya daga cikin 'ya'yanta maza. 'Ya mace kuma, ko da tana gidan wani, ba ta yanke ba. Takan aiko da tuwon salla, da ɗan abin da ta samu a sana'arta, ta zo jinya idan ciwo ya kama.

Abin da ɗa yake nema a madadin wannan duka shi ne albarka. Musulunci ya ƙarfafa wannan matuƙa, domin Alƙur'ani ya gwama umarnin kyautata wa iyaye da umarnin bauta wa Allah a Suratul Isra'i, ya kuma gwama gode musu da gode masa a Suratu Luƙman. A ganin Bahaushe, "Allah ya yi maka albarka" daga bakin mahaifi ta fi gona, bakin uwa kuma abin tsoro ne. Wanda ya yi arziki akan ce albarkar iyaye ce ta bi shi, wanda ya lalace akan tambaya ko da baki a kansa.

Zuwan Turawa da Kwancewar Gandu

Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Cikin shekaru kaɗan abubuwa uku suka taɓa ginshiƙan gandu. Na farko shi ne zaman lafiya a hanyoyi. Da hari ya ƙare, sai mutum ya iya fita bayan ganuwa ya sari daji ya kafa gidansa. Dokar 1901 ta 'yanta duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na shekarar, ta 1936 kuma ta soke bauta gaba ɗaya, saboda haka manyan gandaye da rinjoji suka rasa hannuwan da suke noma su.

Na biyu shi ne kuɗi. Haraji ya koma na tsabar kuɗin Turawa maimakon wuri, daga baya kuma aka riƙa ƙirga shi a kan kowane baligi. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga ciniki a 1912, cinikin gyaɗa ya tashi nan da nan. Saurayin da ya shuka gyaɗa a gayaunarsa ya ga kuɗi a tafin hannunsa ba tare da sun bi ta hannun ubansa ba. Wanda ya iya biyan harajinsa da sadakinsa da kansa, buƙatarsa ga gandu ta ragu.

Na uku shi ne tafiya neman kuɗi. Cin rani ya yawaita, wasu suka nufi haƙar kuza a Jos, wasu aikin hanyar jirgi, wasu Kaduna, wadda ta zama hedkwatar Arewa a 1917. Fatake sun daɗe suna zama a zangunan Kurmi da Gwanja, amma yanzu abin ya game har da talakan manomi. A irin waɗannan wurare wani ya kan maye gurbin uba. Abner Cohen, a nazarinsa na unguwar Sabo ta Ibadan da aka buga a 1969, ya nuna yadda masu gidajen baƙi suke ba yaransu ɗaki, su yi musu aure, yaran kuma su biya da hidima da biyayya. Watau tsarin "an yi masa" ya bi Bahaushe har baƙunta, sai dai ubangida ne ya karɓi hakkin da a gida na mahaifi ne.

Kuskure ne a ɗauka cewa gandu ya rushe dare ɗaya. Polly Hill ta same shi da ransa a Batagarawa a 1967, ta kuma lura da wani abu muhimmi: ya fi ƙarfi a gidajen manoma masu hali. Uban da yake da gonaki da hatsi yana iya riƙe 'ya'yansa. Matalauci kuwa, wanda ba zai iya ciyarwa ko yin aure ba, 'ya'yansa sukan watse su shiga ƙodago. Gandun 'yan'uwa bayan rasuwar uba shi ma bai cika daɗewa ba. A Ɗorayi ta bayan birnin Kano, inda ta yi aiki a 1971 da 1972, ta tarar da manyan gidaje, wasu da mutum wajen 100, a wurin da ƙasar noma ta yi ƙaranci ainun. Wannan ya nuna cewa zama a gidan uba da noma tare da uba abubuwa biyu ne, kuma ɗaya yana iya wanzuwa bayan ɗayan ya raunana.

Albashi, Kwata da Haya

Makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina da ta biyo baya a farkon shekarun 1920, sun fito da wani sabon mutum: ma'aikacin albashi. Malamin makaranta, da akawu, da malamin asibiti, da malamin gona, duk inda En'e ko gwamnati ta tura su can za su. Gidan farko na irin wannan mutum kwata ce ta ma'aikata, ko ɗaki biyu na haya a Tudun Wada ko Fagge. Amarya takan tare a garin da ba ta da kowa, a ɗakin da surukinta bai taɓa gani ba.

Bayan samun mulkin kai a 1960, musamman bayan ƙirƙiro jihohi a 1967, yawan ma'aikata ya ninka. Farin 1973 ya kori mutane da yawa daga karkara zuwa birane. Kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya a farkon 1975, sun sa siminti da kwanon rufi da bulo sun kori tubali da azara a sababbin unguwanni. Gini ya tashi daga aikin gayya ya koma aikin kwangila. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha, takardar shaidar mallaka ta zama abin nema. A 1979 gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali, da haka ɗaya daga cikin tsofaffin hakkokin da uba yake ɗauke wa ɗa ya gushe. Gwamnatin Shehu Shagari ta ƙaddamar da shirin gina gidaje 2,000 a kowace jiha kowace shekara a 1980, ko da yake abin da aka kammala bai kai abin da aka tsara ba.

Wannan yalwa ba ta daɗe ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gini suka yi tsada. An kafa asusun gidaje na ƙasa a 1992, ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, amma mafi yawan jama'a ba ma'aikatan albashi ba ne. Daga 2003 gwamnatin tarayya ta mayar da hakkin muhalli kuɗi, ta shiga sayar da gidajenta. Sakamakon haka gidan farko na yawancin matasan birni ya zama haya, mallakar gida kuma ta koma aikin shekaru: a sayi fili a bayan gari, a kewaye, a yi ɗaki ɗaya a shiga, sauran a bi a hankali. A nan hannun iyaye ya sake bayyana. Sau da yawa uba ne yake sayar da gona ko shanu a biya kuɗin hayar shekarar farko, uwa kuma ta sayar da tumakinta ko 'yan kunnenta a kai gini linta.

Sababbin Hanyoyin Sakayya

Ɗan da yake Kaduna ko Legas ba zai iya riƙe garma a gonar ubansa ba, saboda haka al'umma ta ƙago wasu hanyoyi. Na farko shi ne albashin fari. Sabon ma'aikaci yakan kawo shi gaban mahaifinsa, a rarraba wa dangi da maƙwabta da malamai domin a sa albarka. Na biyu shi ne aike na wata-wata, da buhun hatsi, da kayan azumi, da ɗinkin salla, da ragon layya, da kuɗin taki da na 'yan ƙodago idan damina ta faɗi. A nan kuɗin ɗa ne suke noma a madadin jikinsa.

Na uku shi ne kujerar Makka. A da hajji tafiyar ƙasa ce ta Chadi da Sudan, mai cin shekaru, wadda tsoho ba ya iyawa. Jirgin sama ya mayar da ita ta 'yan makonni. An kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, a 1977 kuma alhazan Nijeriya suka haura 100,000. Tun daga lokacin, biya wa uwa ko uba hajji ya zama babbar alamar ɗan albarka, har mutane sukan zargi wanda ya je ya bar mahaifiyarsa ba ta je ba.

Na huɗu ya shafi gidan kansa. Mutane da yawa suna ganin bai dace ɗa ya shiga gidan siminti alhali iyayensa suna cikin ɗakin da yake yoyo ba, don haka yakan fara gyara gidan gado kafin ya ɗora nasa. Idan ya gama nasa, ba ya tarewa sai an yi sauka ko addu'a, an yi sadaka, iyaye sun taka sun sa albarka. Da yawa kuma sukan ware ɗaki na musamman, a ce wannan na Hajiya ne. A nan tarihi ya juyo da fuskarsa: a da uba ne yake yanka wa ɗa sashe a gidansa, yanzu ɗa ne yake ware wa mahaifiya ɗaki a nasa.

Kammalawa

An ga cewa gidan farko na Bahaushe ya taso daga ɗaki a cikin gidan uba, ya bi ta kwata da haya, ya iso ga gidan da mutum yake ginawa da guminsa. An ga kuma cewa gudummawar iyaye ba ta ragu ba. Sifarta ce ta sauya, daga tubali da gayauna zuwa kuɗin makaranta da kuɗin haya da kayan ɗaki masu tsada. Abin da ya sauya ƙwarai shi ne tabbacin sakayya. A gandu, dattijo yana riƙe da gona da rumbu, don haka abincinsa bai dogara da tausayin kowa ba. A yau ya kan kashe abin da ya mallaka wajen tayar da ɗa, sa'an nan ya zauna jiran aike. Mafi yawan tsofaffin karkara da masu sana'ar hannu ba su da fansho. Idan ɗa ya rasa aiki, ko hidimar gidansa ta fi ƙarfinsa, ko ya yi sakaci, babu wani tsari da zai tilasta shi in ban da tsoron Allah da jin kunyar mutane.

Akwai aiki a gaban masu nazarin harshe da al'ada ta wannan fuska. Kalmomi irin su gayauna da makuba da madaɓi da raba tukunya suna ɓacewa daga bakin yaran birni, waƙoƙin daɓe kuma sun tafi tare da daɓen. Ya kamata a tattara su daga bakin tsofaffin da suka yi zaman gandu tun suna raye, a kuma kwatanta abin da ake yi a Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram, domin a san inda al'adar ta yi tarayya da inda ta bambanta.